Wai Mene Ne Bouncer? Tambayoyi da Amsoshi Kan Kalmar da Muke Ce Wa Baunsa

Ni malamin Turanci ne, kuma cikin kalmomin da ake yawan tare ni da su 'yan shekarun nan da wuya a samu kamar bouncer. Wani ya ce Malam a fim na ji ta, wata ta ce ai an gaya musu za a sa su a ƙofa ranar dinar ƙawarta, wani kuma aiki yake nema a waje ya rasa abin da zai rubuta a takardarsa. To na ga gara in tattara tambayoyin wuri guda in bi su ɗaya bayan ɗaya, don kalmar ta riga ta shigo bakinmu, ya kamata mu san daga ina ta fito da kuma irin kayan da ta ɗauko.

Wai mene ne ma'anar bouncer ɗin ma tukuna?

Mutumin da ake ɗauka aiki a tsayar da shi a ƙofar gidan rawa, ko mashaya, ko wurin casu, ya tantance wa zai shiga wa ba zai shiga ba, sannan in wani ya tada rigima a ciki ya fitar da shi. Abu biyu ke nan, hana shiga da fitarwa. Amma asalin sunan daga na biyun ya fito, wato fitarwar, kuma wannan ne abin da mutane da yawa ba su sani ba. Kalmar ba ta nufin mai tarbar baƙi, ba ta nufin mai buɗe ƙofa, ma'anarta tsirara ita ce mai jefo mutum waje.

Yaya ake furta ta? Ina jin kowa da irin nasa

Baun-sa. Gaɓa biyu ce, nauyin yana kan ta farko. Wannan ou ɗin da kuke gani sautinsa kamar au ɗinmu ne na tauri ko ƙauye. Inda ɗalibaina suka fi faɗawa shi ne harafin c, saboda mu a Hausa c tamu ita ce ta ciki da caca, sai yaro ya karanta ya ce baunca ko bonca. A Turanci in c ta zo gaban e ko i, yawanci s take komawa. Mutanen Ingila ba sa furta r ɗin ƙarshe, shi ya sa baunsa ɗinmu ya yi kusa da nasu sosai, su kuma Amurkawa suna ɗan murɗa harshe su fito da ita. Wajen rubutu kuma b-o-u-n-c-e-r ne, ba da s ba, don ina yawan ganin masu rubuta bounser a tallar aiki.

Ba bounce shi ne tsallen ƙwallo ba? Me ya haɗa ƙwallo da mai tsaron ƙofa?

Wannan ita ce tambayar da na fi jin daɗinta, don amsar tana nuna yadda kalma ke tafiya. Mu dai abin da aka koya mana a makaranta shi ne bounce na nufin ƙwallo ta daki ƙasa ta taso. Gaskiya ne, amma ba nan kalmar ta fara ba. A tsohon Turanci na wajen ƙarni na 13 ma'anarta duka ce, ka naushi abu ko ka jibge shi, sai daga baya ma'anar tsallen ƙwallo ta shigo ta danne ta farkon. Shi kansa bouncer kafin ya zama sunan aiki ya yi yawo, akwai lokacin da in Bature ya ce wane bouncer ne to yana nufin mai cika baki da barazana, akwai kuma lokacin da ake faɗar ta ga duk wani abu ƙato a cikin jinsinsa.

Ma'anar da muka sani yanzu a Amurka ta fito, wajen 1865, daga bakin mutanen mashaya. A can ne suka fara cewa an yi bounce ɗin mutum in an ɗauke shi an wurgo shi titi, kuma kun ga hoton a fili yake, an jefo mutum ya daki ƙasa kamar ƙwallo. Marubucin nan na Amurka Horatio Alger, a wani littafinsa na 1875, akwai babin da ya sa wa suna Bounced, inda wani yaro ya ci abinci a gidan abinci ba shi da kuɗin biya aka yi waje da shi. Zuwa 1883 kalmar ta kai kunnen mutanen Landan har wata jarida ta tsaya tana yi wa masu karatunta bayani cewa ai bouncer ɗin Amurkawa shi ne abin da su suke kira chucker-out, wanda shi ma ma'anarsa mai wurgarwa waje. Yau chucker-out ta tsufa, da wuya ka ji matashi a Ingila ya faɗe ta, ta Amurka ta cinye kasuwa.

Abin da ya ba ni sha'awa shi ne ba Turanci kaɗai ya kalli aikin ta wannan fuskar ba. Faransawa suna cewa videur, daga vider, wato juye abu ko kwashe abin da ke ciki, 'yan uwanmu na Nijar da Kamaru da Cadi da suka yi karatun Faransanci wannan suka sani. Italiyawa suna cewa buttafuori, mai jefawa waje. Jamusawa ne suka ɗan sassauta, su Türsteher suke cewa, mai tsayuwa a ƙofa.

To zagi ce ke nan? Zan iya kiran mutum haka a gabansa?

Ba zagi ba ce, amma kuma ba sunan girmamawa ba ne. Kalmar titi ce, ta hira, irin wadda za ka ji a bakin kowa ka gani a kanun jarida amma ba za ka gan ta a takardar doka ba. Wasu masu aikin ba ruwansu, da bakinsu suke faɗa, wasu kuma musamman a Ingila ba sa sonta ko kaɗan saboda tana jawo hoton ƙato marar tunani wanda bai iya komai ba sai cin kwalar mutane. In kana gaban mutum kana son yi masa magana, ba ka buƙatar sunan aikinsa ma, excuse me ta wadatar, kamar yadda ba za ka tsaya gaban mai gadi ka ce kai mai gadi ba, sai dai ka ce Malam ko Baba.

Ga mai rubuta takardar neman aiki kuwa, shawarata kar ka sa bouncer. In Ingila ce ka rubuta door supervisor, shi ne sunan da hukuma ta sani. In Ostareliya ce crowd controller suke cewa. In Amurka ce ko nan gida ka rubuta security staff ko event security. Aiki ɗaya ne, amma mai karanta takardar zai ga ka san harkar.

Mene ne bambancinsa da doorman da security guard da bodyguard?

Nan ne ake cakuɗa abubuwa. Security guard shi ne babban suna, mai tsaron wuri da dukiya, banki ne ko shago ko ma'aikata, shi ne mai gadinmu. Kuma kun san gadi ɗin nan daga guard muka aro, sannan Turancin Najeriya ya sake karɓewa daga hannunmu, a Legas ma maiguard ake cewa. Bodyguard mutum yake tsaro ba wuri ba, duk inda ubangidansa ya sa ƙafa yana biye, shi ne mai tsaron lafiya. Bouncer shi kuma taro yake tsaro, damuwarsa su wa ke shiga da kuma yadda suke a ciki, in an tashi aikinsa ya ƙare.

Doorman ce mai rikici. A Ingila in aka ce doorman zai iya zama baunsan gidan rawa, zai iya zama na otal. Amma a New York in ka ji an ce gini yana da doorman, to ana nufin ma'aikaci mai inifom da ke zaune a ƙofar gidan haya na masu hali, ya buɗe ƙofa, ya karɓi saƙo, ya tsayar wa mazauna tasi, ya san kowa da sunansa. Ka kira irin wannan bouncer ka yi kuskure babba, don shi tarba ce aikinsa. Akwai kuma cooler da za ku ji a Amurka, shi ne gogaggen cikinsu wanda ake turawa ya sanyaya rigima da baki kafin ta kai ga hannu.

Da Hausa fa, me za mu ce?

Kai tsaye dai mai tsaron ƙofa, in kana son ka fayyace ka ƙara na gidan rawa ko na wurin biki. Wasu suna kawo dogari, ni ban yarda ba, dogari na sarki ne kuma yana da matsayinsa a fada, bai kamata a haɗa shi da wannan ba. Ɗan banga ma ba daidai ba ne, shi ya fi karkata ga siyasa ko sintirin unguwa. Ƙato ko ƙarti majiya ƙarfi kuwa siffa ce ba sunan aiki ba.

Gaskiya baunsa ɗin da mutane suka riga suka kama ba ta da laifi, ta bi hanyar da irinta suka bi. Yawanci kalmar Turanci mai ƙarewa da er in ta shigo Hausa ƙarshenta harafin a yake komawa, dubi direba, kafinta, lebura, masinja, lauya. Kuma duk da ta ƙare da harafin a, namiji ce in namiji ake nufi, baunsan nan ya hana ni, kamar yadda muke cewa direban nan. Wajen jam'i ne na ji ana kame-kame, wasu su ce baunsas, wasu su ce 'yan baunsa. In za mu bi ƙa'idar harshenmu, yadda direba ya ba da direbobi, lauya ya ba da lauyoyi, hafsa ya ba da hafsoshi, to baunsa baunsoshi zai bayar, kuma ni shi nake amfani da shi.

Malam a ba mu misalin jimla

Suna ne da ake ƙirgawa, don haka a bouncer in ɗaya ne, bouncers in suna da yawa. He works as a bouncer, wato aikin baunsa yake yi, ku lura da as a ɗin nan, kar a ce he works bouncer. The bouncer wouldn't let us in, baunsan ya hana mu shiga. He was thrown out by the bouncers, baunsoshi sun fitar da shi. The bouncer asked for my ID, baunsan ya nemi in nuna katin shaida. Masu aikin a Ingila in suna magana tsakaninsu sukan ce I work the doors ko I'm on the door tonight, ma'ana ina aikin ƙofa, yau ni ne a ƙofa, ba ma sai sun ambaci bouncer ba.

Na ji wani ya ce an yi baunsin ɗinsa a ambasi, daidai ne?

Daidai ne a Turancinmu na Najeriya, kuma kowa zai gane. Dem bounce me, an maido ni, an hana ni shiga ko an ƙi ba ni abin da na je nema, ko biza ce ko ganin wani babba. Ba ta yi nisa da asalin ma'anar Amurkawa ba. Sai dai in takarda kake rubutawa ka ce I was turned away ko my application was refused.

Tunda an zo nan bari in zubo sauran ma'anonin don kar su rikita ku. Cak ɗin banki yana bounce in aka kai shi aka tarar babu kuɗi a asusun, kuma a Najeriya ba da irin wannan cak da gangan laifi ne tun dokar 1977. Imel yana bounce in ya dawo maka bai isa ba. Matashin Ba'amurke in ya ce I gotta bounce to tafiya zai yi, ba ruwansa da tsalle. Baby bouncer kujerar jarirai ce mai lilo. A wasan kurket kuma bouncer wata irin jifa ce da ake dukan ƙasa da ƙwallo kusa don ta taso wajen ƙirji ko kan mai riƙe da sanda, kuma ba wasa ba ce, ita ce ta sami ɗan wasan Ostareliya Phillip Hughes a wuya a birnin Sidni a watan Nuwamba 2014 ya rasu bayan kwana biyu. Don haka in kun ga kalmar a labarin wasanni daga Indiya ko Pakistan, ba mai tsaron ƙofa ake nufi ba.

Aikin nasu dai ba duka da jefar da mutane ba ne kawai?

Haka fina-finai suka nuna mana, kuma sunan ma ya taimaka wajen ɓata su. Amma in ka dubi abin da ake biyansu su yi, mafi yawansa ido ne da baki da haƙuri. Na farko duba shekaru, a Amurka ba a sayar wa wanda bai kai 21 ba giya, a Ingila 18 ne, kuma in yaro ya shige aka kama to lasisin gidan ne ke cikin hatsari, shi ya sa suke tsayawa suna haska katin mutum da tocila. Na biyu ƙirga mutane, kowane gida akwai adadin da hukuma ta yarda ya ɗauka, za ka ga wani da ɗan abin ƙirge a hannu yana dannawa duk wanda ya shiga. Sai caje jaka saboda makami da ƙwaya, sai lura da wanda ya riga ya bugu a hana shi tun daga waje, sai kare matan da ake takura wa a ciki. Akwai kuma gidajen da zaɓen mutane shi ne abin da suka yi suna a kai, kamar Studio 54 da aka buɗe a New York a 1977, inda a zamaninsa mutane kan cika bayan igiya ana tsintar wanda aka ga dama, ko Berghain na birnin Balin a Jamus da har yau ake maido mutane bayan sun daɗe a layi.

Amma inda za ka gane nauyin aikin shi ne ranar da abu ya ɓaci. A watan Fabrairu 2003 a wani gidan rawa mai suna E2 a Cikago, faɗa ya tashi masu tsaro suka fesa barkonon tsohuwa don su raba, mutane suka firgita suka yi kan matakala guda, mutum 21 suka mutu a turmutsitsi. A watan Janairu 2013 a garin Santa Mariya na Brazil gobara ta tashi a gidan rawa na Kiss, waɗanda suka tsira sun ba da labarin cewa da farko masu tsaron ƙofa tare hanya suka yi don sun zaci mutane za su gudu ne ba su biya ba, mutum 242 suka rasu, yawancinsu ɗaliban jami'a. Duk lokacin da na tuna wannan sai jikina ya yi sanyi, saboda 'yan daƙiƙoƙi ne, kuma wanda ke ƙofa shi ne ke riƙe da su. Mutumin da aka ɗauka don faɗin ƙirjinsa kawai ba a koya masa komai ba, a irin wannan ranar ba shi da abin da zai ba kowa.

Doka ta ba shi ikon ya dake ni ko ya caje ni?

A'a, baunsa ba ɗan sanda ba ne. Wurin na mai shi ne, yana da damar ya ce ba ya son ka shiga ko ka fita, baunsan wakilinsa ne a kan haka. In an ce ka fita ka ƙi, a Ingila doka ta yarda a yi amfani da ƙarfi daidai gwargwado, abin da suke kira reasonable force, wato iya abin da zai fitar da kai ba ƙari, in ya wuce nan shi ma kotu zai je. Caje kuma sai da yardarka, in ka ƙi ba za su danne ka ba, sai dai su ce to ba za ka shiga ba. Sannan ba a yarda a hana mutum shiga saboda launin fatarsa ko addininsa ba, dokar daidaito ta 2010 ta hana, kodayake baƙar fata da yawa za su gaya maka sun sha jin an ce musu wai takalminsu ne bai dace ba.

Ingila ta ɗauki abin da muhimmanci. Dokar 2001 ta kafa hukumar da ake kira SIA, kuma ba ka isa ka tsaya a ƙofar gidan rawa ba sai da lasisinta, wanda sai ka kai shekara 18, ka yi horo kan sasanta rigima da yadda ake riƙe mutum ba a ji masa ciwo ba da taimakon gaggawa, an kuma binciki tarihinka ko ka taɓa laifi. Shekara 3 lasisin yake yi a sabunta, shi ne katin da za ku gani ɗaure a damtsensu. A New York ma an ƙara tsaurara doka bayan 2006, lokacin da wani baunsa mai tarihin laifi ya kashe wata ɗaliba da ta fito daga mashayar da yake aiki.

Mu a Najeriya kamfanonin tsaro masu zaman kansu suna ƙarƙashin dokar 1986, Sibil Difens ce ke sa ido a kansu, kuma ba a yarda su riƙe bindiga ba. Matsalar ita ce da yawan baunsoshin da ake kira biki ba ta kamfani suke zuwa ba, daga wurin ɗaga ƙarfe ake kwaso su a ba su baƙar riga. In za ku ɗauka ku tambaya wane kamfani ne, yana da rajista ko babu.

Mace za ta iya zama bouncer?

Ƙwarai, kuma kalmar ba ta canzawa, she is a bouncer. Ana ma neman su, don mace ce ya dace ta caje mace, ita ce kuma za ta iya shiga banɗakin mata in wani abu ya faru.

Da gaske ne akwai manyan mutane da suka taɓa yin wannan aikin?

Akwai. Marigayi Fafaroma Francis da bakinsa ya gaya wa mutane a wata coci a Rum a 2013 cewa yana matashi ya yi aikin tsaron ƙofa a gidan rawa a Buenos Aires, babban birnin Ajantina. Ɗan fim ɗin Amurka Mr. T a Cikago ya yi nasa, har ya ci gasar baunsoshi a talabijin, a nan jarumin fim Sylvester Stallone ya gan shi ya sa shi a fim ɗin Rocky na uku a 1982. Vin Diesel ma ya daɗe yana yi a New York kafin fim ya karɓe shi. Ta ɗaya ɓangaren kuma Al Capone, ƙasurgumin ɗan daban nan na Amurka, yana aikin ƙofa ne a wata mashaya a unguwar Coney Island ta New York aka yanke shi a fuska ya samu tabon da aka san shi da shi. A Indiya akwai ƙauyen Asola Fatehpur Beri a gefen Delhi da aka san shi da fitar da baunsoshi, samarinsa sun taso da kokawa da motsa jiki sai suka mai da shi sana'a.

Musulmi zai iya yin aikin?

Wurin aikin shi ne abin dubawa ba sunan ba. Tsaron ƙofar inda ake shan giya, malamai suna kawo aya ta 2 ta Suratul Ma'ida da ta hana taimakon juna a kan saɓo, kuma maganarsu a kai a fili take. Tsaron ƙofar taron lacca, ko filin ƙwallo, ko walima, wannan tsaro ne kamar kowane tsaro. Wanda abin ya shafa ya zauna da malaminsa ya faɗa masa ainihin inda zai tsaya da abin da ake yi a ciki.

To mu da ba mu da ruwa da gidan rawa, me ya kawo baunsa bikin aurenmu?

Wannan tambayar ce ta sa na zauna rubuta duk abin nan. Dalilin da ake bayarwa na san shi kuma ba ƙarya ba ne. Biki ya bar tsakar gida ya koma hol, ana biyan kuɗin kujera da abinci bisa kai, ka shirya wa mutum ɗari biyu ɗari biyar su zo, 'yan gayyar soɗi su cinye abincin baƙi, ga ɓarayin waya, ga masu tsintar kuɗin liƙi a ƙasa, ga samarin da ke zuwa kallon 'yan mata kawai. Duk wanda ya taɓa aurar da 'ya a gari ya san wannan ciwon kan. Ban ce kar a sa kowa a ƙofa ba.

Amma ku tuna daga ina kalmar ta fito. An ƙirƙire ta ne don wurin da babu wanda ya san wani, inda mai ƙofa ba ya buƙatar sanin ko kai ɗan wane ne, kati kawai ko shekaru ko shiga. Mu kuma bikinmu na dangi ne, kuma waɗanda suka fi kowa haƙƙi a kansa su ne waɗanda ba sa yawo da kati.

Na gani da idona a bikin wani ɗan uwana a Kano. Ina tsaye a waje ina jiran wani, sai ga gwaggon ango, yayar mahaifinsa, ta sauko daga adaidaita, tun safe ta taso daga ƙauye, da mayafinta mai kauri da wata leda a hannu da turmin atamfa a ciki da ta kawo wa amarya. Ta nufi ƙofa, saurayin da ke wurin, baƙar riga ta ɗame shi, ya miƙa hannu ya tare ya ce Mama kati. Ta dube shi ta ce ɗan nan wane kati, ni ce fa na goya angon. Ya ce Mama ki yi haƙuri, an ce ba kati ba shiga. Bai ɗaga murya ba, bai ture ta ba, abin da aka sa shi ya yi. A daidai lokacin 'yan mata uku cikin anko suka zo suka nuna kati a waya suka wuce ta gefenta. Kafin in ƙarasa wurin ta riga ta juya. Na ce Gwaggo don Allah ki zo mu shiga, ni zan shigar da ke, ta ce a'a ɗana bar shi, ai na zo, Allah ya gani. Ta miƙo mini ledar ta ce in kai wa amarya, ta je ta zauna a kan bencin wani mai shayi a tsallaken titi, ana jin kiɗa daga ciki, har aka samo motar da ta kai ta masauki. Na yi ta roƙonta, ko ruwa ba ta karɓa ba.

Ban ga laifin yaron ba, bai san ta ba kuma ba yadda za a yi ya san ta. Laifinmu ne mu da muka raba kati a WhatsApp muka manta da waɗanda ba sa WhatsApp, muka tsayar da baƙo a ƙofa shi kaɗai muka shige ciki.

Da bikin ƙanwata ya zo, mun ɗauki baunsoshi biyu, amma kafin a fara na zaunar da su na ce duk dattijo ko dattijuwa da suka zo kar a tambaye su komai, a gaishe su a ba su hanya. Sannan muka roƙi Kawu, ƙanin mahaifiyarmu wanda ya san dangin kaf har na ƙauye, aka sa masa kujerar roba a gefen ƙofa. Duk wanda ya zo ba kati sai baunsan ya waiwaya ya dube shi, in Kawu ya ce ah ai 'yar gidan Baffa ce, sai a buɗe. Mutum huɗu kawai aka maido a daren, samari ne da ba wanda ya san su, kuma Kawu ne da kansa ya ce musu samari ku yi haƙuri, ya sa aka kawo musu abinci a leda suka tafi da shi.